Magnus Hirschfeld

Magnus Hirschfeld (14 ga Mayu 1868 – 14 ga Mayu 1935) likita ne Bajamushe kuma Bayahude, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara binciken kimiyya kan sha'awar jinsi ɗaya da kuma mutanen da ke jin jinsinsu ya saɓa da jikinsu.

Rayuwar farko

An haife shi a Kolberg, garin da yanzu yake ƙasar Poland. Ya kammala karatun likitanci a 1892. Yadda wasu marasa lafiyarsa masu neman maza suka kashe kansu ne ya tura shi wannan bincike.

Aiki

A 1897 ya jagoranci kafa kwamitin neman soke sashe na 175, wanda ya haramta luwaɗi a Jamus. A littafinsa na 1910 ya ƙirƙiro kalmar Transvestit, wato mai sanya tufafin ɗaya jinsin. A 1919 ya buɗe cibiyar bincikensa a Berlin.

Mutuwa

A Mayun 1933 'yan Nazi suka wawushe cibiyar, suka ƙona littattafanta, lokacin yana ƙasar waje. Bai sake taka Jamus ba. Ya mutu a birnin Nice na Faransa ranar da ya cika shekara 67.