Taƙaitaccen Tarihin Ibn Khaldun

An haifi Abdurrahman Ibn Khaldun a birnin Tunis a shekarar 1332. Yana saurayi annoba ta ɗauke mahaifansa da malamansa da dama. Ya yi wa sarakunan Fas da Andalus aiki, har kurkuku ya ɗanɗana. A 1375 ya keɓe kansa a ƙasar Aljeriya ta yanzu, inda ya rubuta littafinsa Muƙaddima a 1377.

A ciki ya nuna cewa in sarki ya sassauta haraji, manoma da fatake sukan ƙara himma, baitulmali ya cika. In kuwa ya tsananta, sai kasuwa ta mutu. Ya kuma gargaɗi sarki kada ya shiga fatauci, domin zai danne talakawansa.

Ya zama alƙalin Malikiyya a Alƙahira, inda ya rasu a 1406.

To, har gobe masana suna muhawara a kansa. A 1981 shugaban Amurka Reagan ya kafa hujja da shi don rage haraji. Wasu na cewa ya riga Turawa kiran a sakar wa kasuwa mara, wasu kuwa sun ce zalunci mai rusa ƙasa ne damuwarsa. Allah ya jiƙansa, amin.