James Naismith: Mutumin da Ya Ƙirƙiro Ƙwallon Kwando Amma Ya Sha Kashi a Cikinta

A wannan makon mun kawo muku tarihin mutumin da ya ƙirƙiro wasan ƙwallon kwando. Da yawa daga cikinmu nan Kawo ƙwallon ƙafa muka fi sani, amma wannan wasan ma yana da labari mai daɗi.

An haifi James Naismith ranar 6 ga Nuwamba, 1861, a kusa da garin Almonte na ƙasar Kanada. Yana ɗan kimanin shekara tara zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa, sai ya tashi a hannun danginsa. Ya taɓa barin makarantar sakandare ya tafi aikin saran itace a daji, daga baya ya dawo ya ƙarasa, har ya shiga Jami'ar McGill.

A 1891 yana koyar da motsa jiki a wata makarantar ƙungiyar YMCA a garin Springfield na Amurka. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, ƙanƙara ce take rufe fili, ba a iya wasa a waje. Ɗalibai suka gaji da zaman ɗaki suka fara fitina. Shugabansa Luther Gulick ya ba shi mako biyu ya samo wasan da za a yi a cikin zaure ba tare da an ji wa juna ciwo ba.

Naismith ya tuna wani wasa da suke yi suna yara, inda ake ɗora ƙaramin dutse a kan babba a jefe shi. Mai wayo ba ya jifa da ƙarfi, cilla dutsen yake yi sama ya faɗo. Sai ya ce a rataye ragar a sama, kuma a hana gudu da ƙwallo a hannu. Ya nemi akwatuna bai samu ba, aka ba shi kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu, ya kafe su a tsayin ƙafa 10. Har yau tsayin bai canza ba. Ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibai 18 gida biyu, suka yi wasa da ƙwallon ƙafa. Abin dariya, kwandon bai da rami a ƙasa, duk lokacin da aka ci sai an hau an ciro ƙwallon!

Ya karanta likitanci a garin Denver, sannan a 1898 ya koma Jami'ar Kansas, ya kafa ƙungiyar 'yan wasanta ta farko. A wasansu na farko, a watan Fabrairun 1899, wata ƙungiyar YMCA ta birnin Kansas City ta ci su 16 da 5. Ku duba fa, yaran mai wasan ne aka lallasa. Amma sun farfaɗo, suka gama kakar da nasara 7 da rashin nasara 4. Yawancin abokan karawarsu ƙungiyoyin gari ne, don a lokacin jami'o'i kaɗan ne suke wasan.

Ya yi kaka tara yana riƙe da ƙungiyar, ya ci wasa 55, aka ci shi 60. A duk masu horar da ƙungiyar maza ta Kansas, shi kaɗai ne rashin nasararsa ta fi nasararsa yawa. Mu dai a ganinmu ba rashin iyawa ba ne. Shi ya ɗauki wasan hanyar gina jiki da gyaran hali, kuma ya taɓa nuna wa ɗalibinsa Phog Allen cewa wannan wasa yin sa ake yi, ba koyar da shi ba. Allen bai yarda ba, ya zama koci a Kansas ɗin, ya shahara ƙwarai. Wani ɗalibin nasa kuma, John McLendon, baƙar fata ne, Naismith ya tsaya masa a zamanin da ake nuna wariyar launin fata, shi ma ya zama babban koci.

A 1936 aka saka wasan cikin gasar Olamfik a birnin Berlin, kuma Naismith ya je da kansa ya miƙa lambobin yabo. An yi wasan ƙarshe a fili cikin ruwan sama, Amurka ta ci ƙasarsa ta haihuwa Kanada 19 da 8. Ya rasu ranar 28 ga Nuwamba, 1939.

Wasan ya zo har gida. Zauren tunawa da gwanaye da ke Springfield sunan Naismith yake ɗauke da shi, kuma a 2008 aka saka Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, a ciki. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Takardu biyun nan da aka buga dokoki 13 a kansu kuwa, a 2010 an sayar da su fiye da dala miliyan 4, yanzu suna ajiye a Jami'ar Kansas.