Otto Salomon

Otto Aron Salomon (1 ga Nuwamba, 1849 – 3 ga Nuwamba, 1907) malami ne ɗan ƙasar Suwidin wanda ya yi fice wajen shigar da sassaƙar katako cikin karatun yara. Tsarin da ya yaɗa ana kiransa slöjd, kalmar da ke nufin sana'ar hannu a harshen ƙasarsu.

Farkon rayuwa

An haife shi a birnin Gothenburg, cikin iyalin Yahudawa. Kawunsa, August Abrahamson, attajiri ne wanda ya sayi gandun Nääs da ke kusa da birnin a 1868. A lokacin masana'antu sun fara cika kasuwa da kaya masu araha, manoma kuma suna barin al'adar sassaƙa kayan gidansu da kansu.

Aiki

A 1872 shi da kawun nasa suka buɗe makarantar koyon sana'a ta yara maza a Nääs, sai ta 'yan mata a 1874. A 1875 aka fara horar da malamai. Bayan ya ziyarci Uno Cygnaeus a ƙasar Finlan a 1877, Salomon ya karkata ga ra'ayin cewa aikin hannu hanya ce ta tarbiyya ga kowane yaro, ko da ba zai zama kafinta ba.

Tsarin koyarwarsa

Salomon ya jera kayan da ɗalibi zai ƙera daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da wuƙa ake farawa, kafin a kai ga zarto da sauran kayan aiki. Sharaɗinsa shi ne duk abin da yaro ya yi ya zama mai amfani a gida, kamar cokali, ludayi, ƙotar guduma ko ƙaramin akwati. Yaron ne zai yi aikin shi kaɗai daga farko har ƙarshe, malami ba ya gyara masa da hannunsa. Manufar ita ce ya koyi haƙuri, tsafta, dogaro da kai da girmama aikin ƙarfi. Ya kuma dage cewa malamin makaranta da ya san halin yara ne ya dace ya koyar, maimakon masassaƙi.

Malamai daga ƙasashe da dama, ciki har da Ingila da Amurka, sun halarci kwasa-kwasan Nääs. Gustaf Larsson, wanda ya yi karatu a can, ya jagoranci makarantar horar da malaman slöjd a Boston.

Suka da tasiri

Wasu masana ilimi sun soki tsarin da cewa bin samfuri sau da ƙafa yana tauye basirar yaro. Daga baya an sassauta wannan ƙa'ida. Salomon ya rasu a Nääs a 1907. A 1955 slöjd ya zama darasin dole a makarantun Suwidin, kuma har yau ana koyar da shi.