Baba ta Karo: Asalinta da Rayuwarta

An haifi Baba wajen shekarar 1877 a Karo, wani ɗan ƙauye kusa da Zarewa a kudu maso yammacin ƙasar Kano. Zuriyarta Barebari ne. Kakanta Ibrahim Dara shi ne tushen gidan, kuma daga Barno asalinsu ya fito kafin su narke cikin Hausawa. Mahaifinta Tsoho manomi ne kuma malamin allo, mahaifiyarta Fatsuma ta rasu tun Baba ba ta gama girma ba.

Karo rinji ne na danginta. Bayi ke nome gandun gidan, 'ya'yansu na tashi tare da 'ya'yan iyayen gijinsu, ana kiran juna da sunayen zumunta. Amma mallakar bayi ba ta hana masu gidan kwana da fargabar bauta ba, domin mahara kan faɗa wa ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau, su kwashe mata da yara, sai dangi sun tara kuɗin wuri sun fanso nasu. Da Turawa suka ci Kano a 1903 hare-haren suka lafa, bayi da dama kuma suka watse, gandun ya ragu. Ya kamata mai nazari ya lura cewa daga ɓangaren iyayen giji Baba ta kalli wannan sauyi. Muryar bayin kanta ba ta iso gare mu ba.

Aure huɗu ta yi. Na fari na zumunci ne da ɗan'uwanta Duma, sannan Malam Maigari, da Malam Hasan, da Ibrahim. Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta riƙi 'ya'yan dangi, ta aurar da su, ta zama wadda ake tambaya in an rikice kan wa ya haifi wa.

Wannan sanin nasaba shi ya sa sunanta ya wanzu. Tarihin Kano da aka rubuta na sarakuna ne, talaka bai samu gurbi a ciki ba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, Baba ta zayyana wa Mary Smith, matar masanin al'adu M. G. Smith, labarin gidansu da Hausa, kaka da kakanni. Ta rasu a 1951, shekara uku kafin littafin ya fito da Ingilishi a Landan.