Ladi Kwali: Maginiyar da jami'ar Turai ke ajiyar tulunanta

Shekarun baya aiki ya kai ni wata jami'a a matsayin mai duba jarrabawa daga waje. Bayan mun kammala abin da ya tara mu, sai wani abokin karatuna na dā ya ja ni yawon buɗe ido cikin harabar makarantar, har muka ɓulla ɗakin ajiya na sashen zane-zane. Abin da na gani a ɗakin nan bai bar zuciyata ba har yau. Zane-zanen fenti jingine da bango, gara ta cinye katakon wasu daga ciki. Sassaƙe-sassaƙen itace an jibge su kamar makamashi. Can a kusurwa kuma ga wani tulu mai kyan ƙira, ƙura ta rufe adon jikinsa. Na tambayi mai riƙe da makullin ko wa ya gina tulun, ya shaida mini cewa shi ma haka ya tarar da shi tun ranar da ya kama aiki. Babu takarda, babu lamba, babu suna.

Tun daga ranar, duk lokacin da aka yi zancen kayan fasahar da jami'o'i ke ajiyewa, sai marigayiya Ladi Kwali ta faɗo mini a rai. Dalili kuwa shi ne, a garin Aberystwyth na yankin Wales a Birtaniya akwai jami'ar da ta fara tara kayan yumɓu tun a shekarun 1920, kuma a cikin taskarta akwai aikin hannun wannan baiwar Allah, an rubuta sunanta da tarihinta a kundi, ɗalibai da masu bincike suna zuwa suna dubawa. Yadda tulun matar da ba ta taɓa zama a aji ba ya kai ga taskar jami'a, shi nake so mu bi sawunsa da mai karatu.

An haifi Ladi wajen 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, wanda a yau yake ɗaya daga ƙananan hukumomin Babban Birnin Tarayya. A matsayina na ɗalibin harshe, sunan ma kansa abin lura ne. Ladi sunan rana ne na Hausa, wato wadda aka haifa ran Lahadi, Kwali kuma sunan gari. Ke nan duniya ta san ta da rana da gari kawai. Mutanenta suna kiran kansu Gbagyi ko Gbari, mu ne muka laƙaba musu Gwari, har muka ƙirƙiri kalmar gwaranci don maganar da ba ta fita daidai. Ya kamata mu ji ɗan nauyin wannan, domin kuwa daga cikin mutanen da harshenmu ya raina ne aka sami macen da ta fi kowace maginiya a ƙasar nan suna.

Ginin tukwane a ƙasarsu sana'ar mata ce, kuma a wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana yarinya. Hanyar ginin ta bambanta da abin da mutum zai zata. Ba tulun ne ke juyawa ba, maginiya ce ke zagaya shi. Za ta ɗora curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu, ta riƙa jan bangonsa sama tana kewayawa, sannan ta riƙa murza yumɓu kamar igiya tana ƙarawa zobe bisa zobe, tana shafewa, har cikin tulun ya buɗe, kafaɗarsa ta rufe, wuya ya fito. Babu ma'auni in ban da ido da tafin hannu, amma sai tulu ya tashi da'ira sak. Kafin ya bushe ta zana masa ado: kunama, ƙadangare, hawainiya, kada, maciji, kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gidansa, an raba su da layuka. Daga nan sai gashi a fili da itace da ciyawa.

Akwai wani abu da masu ba da labarinta kan yi saurin wucewa, ni kuwa a nan nake ganin ƙashin bayan labarin yake. An cika cewa Bature ne ya gano Ladi Kwali. Gaskiyar magana ita ce, kafin Baturen ya zo, Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya riga ya san darajar aikinta, yana sayen tulunanta yana ajiyewa a fada domin kyansu. A fadarsa ne Michael Cardew ya fara ganin su a 1950. Ashe taskar farko da ta adana aikin Ladi ba ta Turai ba ce, ta wani sarkin Hausa ce, jikan Haɓen Zazzau da suka baro Zariya bayan jihadi suka kafa Abuja. Don haka duk mai cewa adana kayan fasaha baƙuwar ɗabi'a ce a wurinmu, sai ya sake nazari.

Shi Cardew, wanda aka haifa a 1901, ya yi karatu a Jami'ar Oksfod, amma ya zaɓi ginin yumɓu, ya koya a hannun Bernard Leach. Ya yi aiki a Gana a shekarun 1940 kafin gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da sana'ar tukwane a Nijeriya. Bayan ya zagaya ƙasa, ya zaɓi Abuja ta wancan zamani, wato Suleja ta yau, saboda yumɓu da ruwa da itacen wuta da kuma goyon bayan sarki, aka kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Manufar gwamnati ita ce a samar da kwanuka da kofuna da butocin shayi masu ƙyalli ga sababbin ma'aikata 'yan ƙasa. Maza aka fara ɗauka. A ƙarshen 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin.

A cibiyar ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa ruwan ƙyalli, da gashi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200. Ta yi kwanuka da faranta da kofuna, tana yi musu zane da ƙayar beguwa. To amma abin da ya fitar da sunanta shi ne manyan tulunan nan nata na gado, waɗanda ta ci gaba da ginawa da hannu kamar yadda ta saba, sai dai da yumɓun cibiyar, a cike tsagin zanen da farar ƙasa, a shafa ruwan ƙyalli, a gasa a tanderu.

A nan ne wani abin mamaki ya faru, wanda duk wanda ya tashi a gidan da ake shan ruwan randa zai gane shi nan take. Abin da ke sanyaya ruwan randa shi ne tsatstsafowar da yake yi ta ƙananan kafofin yumɓu, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Tulun da aka gasa a tanderu aka shafe shi da ƙyalli ya toshe, ba ya tsatstsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa, ga shi kuma da nauyin da mace ba za ta so ɗora shi a kafaɗa zuwa rafi ba, balle tsadarsa. Ke nan tulun da ya kai Ladi Landan ya tashi daga aikin tulu, ya zama abin kallo. Wasu masana na ganin wannan a matsayin ɓarna, cewa an raba sana'a da amfaninta don biyan buƙatar idon Bature. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, domin kayan cibiyar ma gaba ɗaya sun fi samun kasuwa a wurin Turawa fiye da 'yan ƙasar da aka ce don su aka kafa ta. Ni dai ban tsaya a nan ba. Tulun gargajiya fashewa yake yi, a gina wani, sunan maginiya ya bi shi. Wutar tanderun nan ce ta sa aikin Ladi ya yi ƙarkon da za a gan shi bayan shekara 70, kuma ba ta bar ƙirar iyayenta ba don ta burge kowa. Ta karɓi abin da ya yi mata, ta riƙe nata.

Sai kuma batun hatimi, wanda ya fi jan hankalina. Kayan cibiyar suna ɗauke da tambarin kalmar Abuja da baƙaƙen Larabci, kowane magini kuma yana da nasa, na Ladi shi ne LK. Ajami da boko a gindin kwano ɗaya. Waɗannan baƙaƙe biyu su ne suka raba ta da dubban mata maginai na Gwari da Nufe da Hausa waɗanda wataƙila wasunsu ba su gaza ta ba a gwaninta, amma babu wanda zai iya nuna tulu ya ce na wance ne. Da hatimin ne ma'aikacin taska a Wales ko Landan ko Washinton yake iya rubuta sunanta ba tare da shakka ba.

Daga nan labarin ya zama na ɗaukaka, ba sai na ja shi ba. An baje kolin kayan Abuja a zauren Berkeley na Landan a 1958 da 1959 da 1962, tulunanta suka fi komai jan hankali. Ta je Turai ta gina tulu a gaban jama'a, ta sami lambar MBE a farkon shekarun 1960, ta zagaya Amurka tare da Cardew a 1972, inda malamai da ɗaliban kwalejoji suka riƙa zuba ido suna kallon yadda take kewaya curin yumɓu. Cardew ya bar cibiyar a 1965, ita kuwa ta ci gaba da aiki, bayan ta buɗe ƙofa ga wasu mata irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa da Lami Toto. A 1974 wata matashiya 'yar Kenya mai suna Magdalene Odundo ta zo Abuja ta koyi gini da hannu a wurin Ladi da abokan aikinta. Wannan ɗaliba ita ce daga baya ta zama ɗaya daga fitattun maginan duniya, har aka naɗa ta uwar wata jami'ar fasaha a Ingila a 2018.

A gida ma ba a yi shiru ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, gwamnatin tarayya ta ba ta lambar NNOM a 1980 da OON a 1981. Ni da na share shekaru kafin in sami nawa digirin, ban taɓa jin ƙyashin nata ba. Na san wanda ya fi wahalar samu tsakanin kundin da na rubuta da tulun da ta gina. Kuma Zariya ce ta fi cancanta ta yi wannan karramawa, kasancewar a can ne matasa irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suna kiran a haɗa fasahar gado da dabarun zamani. Abin da suke wa'azinsa a aji, Ladi tana aikata shi a Abuja a daidai wannan lokaci.

Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara ɗaya da rabi bayan mutuwar Cardew. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, haka ma wani titi a Abuja. A 2007 aka sa hotonta a bayan takardar Naira 20, tana sunkuye a kan aikinta. A gaban takardar kuwa Janar Murtala Muhammed ne, wanda gwamnatinsa ta zartar a 1976 cewa a gina sabon babban birni a ƙasar da yawancinta ta Gwari ce, matakin da ya ɗauke sunan Abuja daga garin da ta yi aiki, ya kuma tayar da ƙauyuka da dama na mutanenta. Takardar ma yau a garuruwa da yawa ba ta sayen ruwan leda.

Ƙorafina ga jami'o'inmu ke nan. Rigar digiri da jawabin yabo na yini ɗaya ne. Abin da jami'a ke iya yi wa mai fasaha, wanda fada da kasuwa da otal ba za su iya ba, shi ne ta ajiye aikinsa kamar yadda take ajiye littafi: ta ba shi lamba, ta rubuta wanda ya yi shi da shekarar da aka yi da yadda ya shigo hannunta, ta kare shi daga gara da yoyon rufi, sannan ta buɗe ƙofa ga ɗalibi ya zo ya gani. Sassan zane-zane na jami'o'inmu sun haura shekara 60 suna yaye ɗalibai, kowane zango ana barin ayyukan kammala karatu, wasu na mutanen da daga baya suka yi suna a duniya. Wannan dukiya ce ta jama'a, daidai da rubuce-rubucen ajami da muke ta fafutukar ceto su. Aikin farko kuma bai buƙatar ginin biliyoyi. Kundi ne, da kyamara, da malami ɗaya da aka ɗora wa alhakin, da tuntuɓar tsofaffin malamai da ma'aikata tun suna raye, domin su kaɗai ne za su iya cewa wannan zane na wane ne. Mu ma 'yan sashen harsuna muna da rabonmu a ciki: sunayen kayan aikin maginiya da na kowane irin ado a Gbagyi da Nufanci da Hausa suna bakin tsofaffin mata, robobi kuma suna ta korar randa daga gidaje.

Kafin mu fita daga ɗakin ajiyar nan da na ambata a farko, na roƙi mai makulli ya taya ni muka karkata tulun, na share ƙurar gindinsa da hankici ina neman hatimi. Ban sami komai ba sai gidan zanzaro. Muka mayar da shi kusurwarsa, ya kulle ƙofa.