Safiyya 'Yar Abdul Muɗɗalibi, Goggon Manzon Allah Kuma Mahaifiyar Zubairu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu tuna da wata dattijuwa wadda Allah Ya haɗa mata dangantaka irin wadda ba kowa ke samu ba, amma duk da haka ba ta dogara da ita ba. Ita ce Safiyya 'yar Abdul Muɗɗalibi, Allah Ya yarda da ita.

Mahaifinta shi ne kakan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ke nan ita goggonsa ce. Mahaifiyarta kuwa Halatu 'yar Wuhaibu ce daga Banu Zuhra, watau dangin Aminatu mahaifiyar Annabi. Sayyidina Hamza shaƙiƙinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ko da yake goggo ce, a shekaru tsarar ɗan ɗan'uwan nata ce, tare suka tashi a Makka. Cikin goggonnin Annabi guda 6, ita ce wadda malaman tarihi ba su yi saɓani game da Musuluncinta ba.

Ta fara auren Harisu ɗan Harbu, ɗan'uwan Abu Sufyanu. Da ya rasu sai ta auri Awwamu ɗan Huwailidu, ɗan'uwan Nana Hadiza, ta haifa masa Zubairu da Sa'ibu da Abdul Ka'aba. Shi ma Awwamu ya rasu tun Zubairu yana ƙarami, nauyin marayu ya koma kanta. Ta rene su da tsanani ƙwarai, har baffan yaran, Naufalu, ya zarge ta da cewa ba ta ƙaunar Zubairu. Ta mayar masa da jawabi cikin waƙa, ta nuna masa nufinta shi ne yaron ya tashi da hankali da jarunta. Wannan ya auku ne a zamanin jahiliyya, kuma tafarkin da Musulunci ya zo da shi wajen renon yara shi ne sassauci da tausayi. Abin lura a nan shi ne azamarta ta kada maraici ya lalata mata ɗa. Allah kuwa Ya cika mata buri, domin Zubairu ya musulunta tun yana saurayi, ya zama ɗaya daga cikin mutum 10 da aka yi wa bushara da Aljanna.

Sa'ad da Allah Ya umurci Manzonsa, cikin Suratul Shu'ara'i, da ya gargaɗi danginsa na kusa, Annabi ya kira su, ya ambaci sunan Safiyya da na 'yarsa Faɗimatu, ya sanar da su cewa kusancinsu da shi ba zai wadatar da su da kome a wurin Allah ba, kowa ya nemi kuɓutar kansa. Buhari da Muslimu sun ruwaito wannan. Wanda ya bi sauran rayuwar Safiyya zai ga gargaɗin nan ya shiga zuciyarta. Ta musulunta a Makka lokacin da Musulmi suke cikin rauni, daga baya ta bar garin kakanninta ta yi hijira zuwa Madina.

Babbar jarrabawarta ta zo a Yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, daidai da 625 Miladiyya. A ranar aka kashe Hamza, aka farke cikinsa, aka yanke masa hanci da kunnuwa. Da labari ya iske ta sai ta nufi fagen fama don ta ga ɗan'uwanta. Manzon Allah ya hango ta, ya ji tsoron kada ta kasa jure abin da za ta gani, ya umurci Zubairu ya tare ta ya mayar da ita. Ta shaida wa ɗanta cewa ta riga ta ji abin da aka yi wa gawar, ta kuma san saboda Allah aka yi masa, don haka za ta yi haƙuri ta nemi lada. Da Annabi ya ji haka sai ya ce a ƙyale ta. Ta tsaya a kan gawar, ta yi istirja'i, ta nema masa gafara, ba ta yi kururuwa ko yage tufafi ba, kamar yadda matan jahiliyya suka saba.

Ta zo da mayafai 2 domin a yi wa Hamza likkafani. Sai aka ga wani mutumin Ansaru kwance kusa da shi, shi ma ya yi shahada, ba shi da abin rufa. Sahabbai suka ji kunyar a rufe Hamza da biyu ɗan'uwansa Musulmi ba shi da ko ɗaya, sai aka yi ƙuri'a aka ba kowa guda. Ta haka kyautar da ta tanada wa shaƙiƙinta ta suturta wani bawan Allah wanda ba danginta ba.

A Yaƙin Gwalalo kuwa, shekara ta 5, maza duka suna bakin daga, aka tara mata da yara a wani gini mai ganuwa na Hassanu ɗan Sabitu. Banu Ƙuraiza sun riga sun warware alkawarin da ke tsakaninsu da Musulmi. Masu tarihi sun ambata cewa ta ga wani mutum daga cikinsu yana kewaya ginin yana leƙen asiri, ta fahimci idan ya koma ya ba da labarin babu mayaƙa a wurin, to mata da yara sun shiga haɗari. Sai ta ɗauki sandar tanti ta sauka ta kashe shi. A lokacin ta doshi shekara 60.

A Haibara, shekara ta 7, ta ga Zubairu ya fita fito-na-fito da wani barde mai suna Yasiru. A nan tausayin uwa ya bayyana, ta kai damuwarta ga Manzon Allah, shi kuwa ya kwantar mata da hankali cewa ɗanta ne zai yi nasara da yardar Allah, haka kuma aka yi.

Ta yi tsawon rai har ta ga wafatin Annabi a shekara ta 11, ta yi masa marsiyya, domin ita mai fasahar waƙa ce. Ba a daɗe ba ɗanta Sa'ibu ya yi shahada a Yamama, zamanin halifancin Sayyidina Abubakar. Ita kuma ta rasu a shekara ta 20, tana da shekara 73, Sayyidina Umaru ya yi mata salla, aka rufe ta a Baƙi'a. Cikin jikokinta akwai Abdullahi ɗan Zubairu, jaririn farko da aka haifa wa Muhajirai a Madina, da Urwatu, ɗaya daga cikin manyan malaman fiƙihu 7 na birnin.

To, 'yan'uwa, idan goggon Manzon Allah ba ta kwanta a kan asali ba, ina ga mai taƙama da cewa shi jikan malam wane ne ko ɗan gidan sarauta, alhali aikinsa bai taka kara ya karya ba? Sa'an nan mu duba gidajenmu. Akwai tsofaffin iyaye mata da goggonni waɗanda suka reni marayu, suka binne mazaje da 'ya'ya, suka haɗiye baƙin ciki ba wanda ya sani. Wajibi ne a ziyarce su, a ɗauki nauyinsu tun suna da rai, kada a jira sai ranar zaman makoki a fara lissafa alherinsu.

Allah Ya yarda da Safiyya, Ya ba mu irin haƙurinta, Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, amin. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.