Alhaji Alhassan Ɗantata: Daga Fataucin Goro Zuwa Dalar Gyaɗa

In aka tashi ba da labarin arzikin da Lardin Kano ya samu a zamanin Turawa, akasari da jirgin ƙasa akan fara, watau wanda ya iso Kano a 1911. Gaskiya ne jirgi ya buɗe hanya zuwa teku. Amma fa kafin ya ɗauki buhu ɗaya, sai da aka sami wanda ya san manomi, ya amince ya ba shi kuɗi tun amfanin gona bai nuna ba, ya kuma san yadda za a tattaro kayan daga ƙauyuka barkatai. Cikin mutanen da suka yi wannan aiki babu wanda ya kai Alhaji Alhassan Ɗantata shahara.

An haife shi a garin Bebeji cikin shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, wani rukuni na fatake waɗanda masana tarihi ke danganta asalinsu da ƙasar Azbin, sun kuwa biyo ta Katsina kafin su zauna a ƙasar Kano. Mahaifin ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa kuma, wadda ake kira Amarya, ta tafi Ankara ta ci gaba da kasuwancinta. Aka bar shi hannun wata tsohuwa mai suna Tata, daga gare ta ne ya samo laƙabin da duniya ta san shi da shi. Da yaƙin Basasa ya ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, Bebeji ta sha wuya, har aka kama Alhassan da 'yan'uwansa, sai daga bisani suka fanshi kansu. Bayan ƙura ta lafa ya bi ayari zuwa Gwanja.

Fataucin goro shi ne makarantarsa. A wancan zamani ayari kan yi watanni tsakanin Kano da Gwanja, da jakuna da 'yan alaro, ana biyan fito a kowace ƙasa aka ratsa, ga 'yan fashi a hanya. Goro kuwa ɗan lele ne, sai an naɗe shi cikin ganye, ana kwance huhu ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ƙwaro ya taɓa, in ba haka ba a iso gida da asara. Wannan sana'a ba ta yiwuwa sai da amana, domin uban gida yakan damƙa wa yaronsa dukiya ya tafi wata uwa duniya, babu takarda babu shaida, sai sanin asali da tsoron zubar da mutunci. Alhassan ya lura cewa jiragen ruwa na Turawa suna zirga-zirga a bakin teku, saboda haka wajen 1906 ya shiga ɗora goronsa daga Ankara da Sakandi zuwa Ikko. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, jarinsa ya riƙa juyawa sau da yawa a shekara.

Sa'ad da jirgin ƙasa ya fara ɗaukar kaya daga Kano a 1912, auduga Turawa suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manoma kuwa suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida sun fi Bature biyan kuɗi mai kyau a kan auduga, saboda haka ba su ga dalilin kai masa ita ba. Gyaɗa ko tana son ƙasa mai rairayi, irin wadda ta shimfiɗu daga Dambatta zuwa Kazaure da Babura, ana iya shuka ta tsakanin gero, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cin ta. Ga shi mata sun daɗe da sanin ta wajen mai da ƙuli-ƙuli. A Turai kuma masana'antun sabulu da na man shafa wa burodi suna neman ta ruwa a jallo. Bugu da ƙari, haraji ya koma na tsabar kuɗi, dole mai gida ya noma abin da zai sayar. A 1913 gyaɗar da aka fitar ta doshi tan 20,000, abin da ya ba Turawan kansu mamaki. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ja abin baya, amma bai tsaya ba.

Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ba, ba su kuma jin za su iya ba baƙauye bashi. Sai suka nemi manyan fataken goro irin su Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo su yi musu dillanci. A 1918 kamfanin Neja ya jawo Alhassan, wanda ya riga ya dawo Kano ya kafa gida a unguwar Sarari. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tsarin ayarin goro ya ɗora shi kan gyaɗa. Yakan karɓi kuɗi daga kamfani ya haɗa da nasa, ya raba wa yaransa, su kuma su raba wa nasu yaran, har kuɗin ya gangara hannun mai awo a kasuwar ƙauye. Ta irin wannan sarƙa ne gyaɗar manomin Kanya Babba ko na Roni ko Gwiwa takan hau jaki ko raƙumi, daga baya mota, ta iso sikeli a Kano. Har ta ƙasar Damagaram, wadda ke hannun Faransa, ta kan iyakar Babura da makamantanta takan biyo, don jirgin Kano shi ne mafi kusa.

Ba a jima ba ya zama babban mai sayen gyaɗa na kamfanin, ya kuma riƙe wannan matsayi bayan da aka kafa U.A.C. a 1929. A wannan shekara ce, kamar yadda labari ya shahara, ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa da ke Kano ya ajiye, a lokacin da yawancin attajirai ke binne dukiyarsu cikin tukwane. Kafin nan, a farkon shekarun 1920, ya yi aikin hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Shi ake danganta wa tsarin jera buhuna su tashi kamar dutse, abin da aka sa wa suna dalar gyaɗa. Mutane sun ɗauke ta alamar arziki, haka ne kuwa, amma ta wani gefen alama ce ta cewa jirgi ya kasa kwashe abin da aka noma, har kaya kan kwana shekara yana jiran tarago.

Bai kamata a ɓoye rabon manomi cikin wannan harka ba. Shi ya yi noma, amma a Turai ake yanke farashi, wanda kuwa ya ci bashi da damina ba shi da bakin taya kayansa da kaka. Da kasuwar duniya ta faɗi a farkon shekarun 1930 kuɗin gyaɗa ya zube, haraji bai sauka daidai da shi ba. Hukumar cinikin gyaɗa da aka kafa a 1949, wadda Alhassan ya zama ɗaya daga cikin wakilanta masu lasin, ita ma ƙasa da farashin duniya ta riƙa biyan manomi, rarar kuwa gwamnati ta yi ayyuka da ita, galibi a birane.

Shi kansa an san shi da tsimi da rashin son ƙawa, yana cin abinci tare da yaransa, yana bin lissafin kowane sule. Ya zauna a majalisar Sarkin Kano a ƙarshen rayuwarsa. Da ciwo ya tsananta ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su kada su bari gidan ya watse, su kuma riƙe yaran da suka yi masa hidima. Ya rasu ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a Sarari, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yansa, musamman Sanusi da Aminu, sun ci gaba da harkar. Gyaɗar kuwa ta ƙara shekara ashirin tana tashe, sa'an nan farin 1973 da cutar da ta faɗa mata a 1975 suka karya ta, a daidai lokacin da hankalin gwamnati ya koma kan man fetur.